WWE 2K19 ko 2K20: wanne ne ba zai ba ka ciwon kai a PS4 ba?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: kana da PS4 a gidan gem ɗinka, ba kullum take kan intanet ba, an kawo maka faifai biyu na hannu, WWE 2K19 da WWE 2K20, mai sayarwa kuma ya dage cewa 2K20 ya fi tunda shi ne ƙarami a shekaru. Kana son sanin ko surutun da aka yi kan tangarɗarsa gaskiya ne, kuma ko an gyara daga baya. Ɗauki 2K19. Amma tunda kuɗi za ka fitar, bari a jera su ka ga inda kowanne ke ɗingishi.

Bambancin ya faro ne tun daga masu ƙera su. 2K19 ya fito a watan Oktoba na 2018, da hoton AJ Styles a bango, kuma aikin kamfanin Yuke's na Japan ne, wanda yake yin wasannin kokawar nan tun shekarar 2000. Kusan shekara ashirin suna gina injin wasan, wato manhajar da ke tafiyar da shi, suna faci a kan faci, sun san kowane lungu da yake yoyo. A watan Agusta na 2019 aka bayyana cewa an raba gari da Yuke's, Visual Concepts na Amurka, masu yin NBA 2K, su ne za su riƙe aikin su kaɗai. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan wannan sanarwa, ranar 22 ga Oktoba, 2019, 2K20 ya shigo kasuwa da Roman Reigns da Becky Lynch a bango. Kamar a miƙa wa sabon makanike tsohuwar mota da wayoyinta duk ɗauri ne, a ce gobe da asuba za ta ɗauki fasinja.

Tangarɗar wasan kokawa iri uku ce, kuma a nan ne kwatancen yake da amfani. Akwai wadda ido kawai take damu, akwai wadda take ɓata faɗan, akwai kuma wadda take kashe gem ɗin gaba ɗaya.

A ta ido, 2K19 ma ba tsarkakakke ba ne. Za ka ga bel ɗin kambu ya ɗan nutse cikin ciki, ko gashi ya ratsa kafaɗa, ko riga ta shige cikin hannu lokacin da ɗan wasa yake shigowa fili. Abin dariya ne na daƙiƙa biyu. Na 2K20 ya wuce nan. Gashin mata ya fito a sandare kamar tsintsiyar kwakwa, mai doguwar jela irin Bianca Belair kuma jelar kan yi ta fizge-fizge ita kaɗai. Fuskokin wasu sanannu sun koma baya idan aka haɗa da na shekarar da ta gabata, The Rock na cikin waɗanda aka fi yi wa dariya. Mafi muni shi ne lokacin da fatar fuska ta ƙi hawa, sai ka ga idanu da haƙora suna yawo babu fuska. Dalilinsa shi ne kai, ido, haƙori da gashi kowanne guntu ne daban da injin ke ɗorawa, idan ɗaya ya makara ko ya ƙi buɗewa sauran ba sa jiransa.

Iri na biyu shi ya fi shafar mai gidan gem, domin shi ke haddasa gardama tsakanin yara biyu da suka biya kuɗinsu. Kowace kamawa a wasan kokawa motsi ne na jiki biyu da aka ɗauka tare. Kafin ta fara sai injin ya jawo mutum biyun ya daidaita su a wuri ɗaya. A gefe guda kuma akwai wani lissafi da aikinsa shi ne hana abu biyu zama a gurbi ɗaya: ƙafa da tsani, kai da igiya, baya da matakalar ƙarfe. Idan kamawar ta ce ƙafa ta sauka a nan, lissafin kuma ya ce akwai kujera a nan, sai su shiga ja-in-ja, kowanne yana gyara aikin ɗan'uwansa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Abin da kake gani a allo shi ne karkarwa, ko abu ya yi tsalle sama kamar an harba shi.

A 2K19 wannan yana faruwa ne galibi idan dandamali ya cika da tarkace, wato a faɗan tsani da tebur da kujera, musamman mutum shida zuwa takwas. Tsani ya yi rawa, karyayyen tebur ya maƙale a igiya, sannan ya lafa. A 2K20 na ranar fitowa ba sai an tara tarkace ba. Faɗan mutum biyu ma ɗan wasa kan nutse cikin dandamali har gwiwa ya ci gaba da tafiya a haka, igiya ta kama wuya ta miƙe kamar danƙo, matakalar ƙarfe ta maƙale a jiki, rafali ya tsaya a gefe ko ya maƙale an danne mutum bai zo ya ƙirga ba. Ga naushi da ke wucewa ta cikin jiki bai taɓa ba, ga kuma ɗan wasanka ya juya ya kai wa wanda ba shi ka nufa ba hari. Wanda aka yi wa haka a ƙirga ta uku ba zai yarda cewa an ci shi ba.

Akwai wani abu da ba tangarɗa ba ne amma mutane kan ɗauka ita ce. An sauya madannai. A 2K19 da R2 ake kare hari, a yi bugun ƙarshe da alwatika. A 2K20 kariya ta koma alwatika, bugun ƙarshe kuma sai an danna murabba'i da X tare. Wanda hannunsa ya saba da tsohon tsari zai rantse fad ɗin ne ya lalace.

Iri na uku kuwa a nan 2K20 ya yi suna. Yakan daskare a allon jira, ko ya fita da kansa ya bar ka da lambar CE-34878-0, wadda a PS4 ma'anarta kawai ita ce manhajar ta faɗi. Wuraren da aka fi kuka da su su ne ɓangaren ƙirƙirar ɗan wasa, sauko da waɗanda wasu suka ƙirƙira masu ɗauke da hotuna da tambura, da Universe, sashen da kake tsara shirye-shiryen WWE na mako-mako da kanka. Ƙorafi ya yi yawa har taken #FixWWE2K20 ya mamaye Twitter a makon farko, Sony ta mayar wa wasu da suka saya ta kantinta kuɗinsu, makin da masu sharhi suka ba shi a Metacritic, shafin da ke tattara makin sharhi, bai kai 50 cikin 100 ba, alhali 2K19 ya haura 70. Ranar 1 ga Janairu, 2020 kuma sai ga sabon salo: gem ɗin ya riƙa faɗuwa a sassa da dama don kawai shekara ta canja. Dabarar da jama'a suka yi kafin kamfani ya tura gyara ita ce mayar da kwanan watan na'ura baya zuwa Disamban 2019. Ƙarshenta ba a yi 2K21 ba sam, sai Maris na 2022 aka dawo da 2K22.

To an gyara? An fitar da faci a jere, wato gyaran da ake saukowa da shi ta intanet, babba na farko bayan kamar kwana goma da fitowa, kuma sun rage faɗuwa da wasu haukan gashi da igiya. Ba su mayar da shi 2K19 ba. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, faifai ba ya ɗauke da gyaran da aka yi bayan an buga shi. Abin da ke cikinsa shi ne sigar 1.00. In PS4 ɗinka ba ta hau intanet ta sauko da facin ba, 2K20 da za ka kunna shi ne wanda ya fi na ranar fitowa ma ɗanyantaka. Shi 2K19 ko babu faci ko ɗaya ana buga shi lafiya lau.

Don duba sigar da ke kan na'urarka, tsaya a kan gem ɗin a allon farko, danna Options, shiga Information, za ka ga lambar. A wannan jerin dai akwai Check for Update. An rufe sabar 2K19 da 2K20 duka a ƙarshen Yunin 2022, don haka babu buga wasa da na nesa, babu sauko da 'yan wasan da jama'a suka ƙirƙira. Faci kuwa ta hanyar Sony yake zuwa, wannan rufewar ba ta shafe shi ba. Tanadi data mai kauri da wuta tsayayya, kuma bar fili a rumbun na'urar: kowanne cikinsu yana cin wajen giga 50, PS4 kuma tana buƙatar ƙarin wuri lokacin da take kwafar faci. Kada ka sa rai da 'yan wasan da aka bayar kyauta ga waɗanda suka yi odar farko, Rey Mysterio da Ronda Rousey a 2K19, The Fiend a 2K20. Da lamba aka ba da su, ba sa bin faifan hannu.

Kafin ka biya, nemi minti ashirin ka gwada. Fara da faɗan mutum biyu ba tare da tsallake shigowarsu ba, a nan matsalar fuska da gashi take bayyana. Sannan faɗan tsani na mutum shida, ka jefa matakalar ƙarfe cikin dandamali ka yi kamawa a gefenta, ka kuma danne mutum dab da igiya ka ga abin da rafali zai yi. Daga nan shiga ɓangaren ƙirƙira, sauya kaya biyu ko uku, ka ajiye. In zai faɗi, cikin waɗannan zai faɗi.

Kuma ba kowace faɗuwa ce laifin gem ba. In na'urar tana ƙara kamar injin markaɗe kuma wasu wasannin ma suna mutuwa, ƙura ce ta toshe fanka, zafi ya yi yawa. In an ɗauke wuta ana tsakiyar ajiya, abin da aka tara kan lalace ko da wane gem ne. Maganin wannan shi ne kwafar ajiyar zuwa filash da aka tsara shi a FAT32 ko exFAT: Settings, Application Saved Data Management, Saved Data in System Storage, sannan Copy to USB Storage Device, ko sau ɗaya a mako. In faɗuwar ta yawaita, kashe PS4 gaba ɗaya, riƙe madannin kunnawa kamar daƙiƙa bakwai har ka ji ƙara ta biyu, haɗa fad da na'urar ta wayar USB, zaɓi na biyar, Rebuild Database. Ba ya goge ajiya. Zai warware rikicin rumbu, amma ba zai fito da ɗan wasan da ya nutse cikin dandamali ba, wannan a jikin 2K20 yake.

In mai sayarwar yana da 2K22 na PS4, wannan wata magana ce. Shi ma ya zo da nasa ƙorafin, musamman faɗuwa a Universe da wajen hotunan da aka ɗora, sai dai faɗan kansa yana tafiya daidai, kuma tsarin madannansa sabo ne fil, yaranka za su sake koyo daga farko. Tsakanin biyun da ke gabanka dai, 2K20 yana da wani abu da 2K19 ba shi da shi, tarihin Charlotte Flair, Becky Lynch, Sasha Banks da Bayley a Showcase, sashen da ake sake buga tsoffin faɗan 'yan kokawa, inda 2K19 ya kawo na Daniel Bryan. Wannan na mai zama shi kaɗai ne a ɗaki. Masu zuwa gidan gem faɗan mutum biyu da Royal Rumble suke biya wa, kuma a waɗannan 2K19 ne zai kai ka dare ba ka tashi ka sake kunna na'ura ba.