iaStorAC.sys na gaske da na jabu: yadda ake bambance su

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya: allon kwamfutarsa ya koma shuɗi, an rubuta iaStorAC.sys a ƙasa. Shin bairos ne, ya goge shi?

Malam, kada ka goge shi. Wannan direban kamfanin Intel ne na Rapid Storage Technology, wato ƙaramar manhajar da ke shiga tsakanin Windows da faifan ajiya. Danginsa su ne iaStorA.sys da iaStorVD.sys, Microsoft kuma tana da nata, storahci.sys na faifan SATA da stornvme.sys na NVMe. In ka cire wanda injin ke tashi da shi, Windows ba za ta ga faifan ba, sai ta tsaya da saƙon INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE.

Amma suna kaɗai ba shaida ba ne, kowa na iya raɗa wa fayil sunan da ya ga dama. Ga inda na gaske da na jabu suke rabuwa.

Mazauni: na gaske yana cikin C:\Windows\System32\drivers, da kwafinsa a DriverStore\FileRepository. Na jabu a Temp ko AppData ko Downloads ake tsintarsa, wani lokaci da ƙarin wutsiya, kamar iaStorAC.sys.exe. Direba ba ya ƙarewa da exe.

Aiki: buɗe Device Manager, duba Storage controllers ko IDE ATA/ATAPI controllers, danna dama a kan na Intel, ka shiga Properties, Driver, Driver Details. Na gaske zai fito a jerin da cikakken adireshinsa. Na jabu babu na'urar da ta san da zamansa.

Sa hannu, wato hatimin dijital da ke nuna daga inda fayil ya fito, nan ne maganar take. Danna dama a kan fayil ɗin, Properties, Digital Signatures. Na gaske zai nuna Intel ko Microsoft Windows Hardware Compatibility Publisher, kuma a Details za a ce sa hannun lafiya yake. Mutane da yawa nan suke ruɗewa: rashin ganin wannan shafi ba ya nufin fayil jabu ne, domin wasu fayilolin Windows sa hannunsu yana cikin wani kundi na dabam. Manhajar Sigcheck, ɗaya daga kayan aikin Sysinternals na Microsoft, tana duba duka biyun, umarnin da za ka rubuta a Command Prompt shi ne sigcheck -i sai adireshin fayil ɗin. Sunan kamfani da ke shafin Details na fayil kuwa, kada ka dogara da shi, rubutu ne da kowa zai iya cikawa.

Me ya sa mazauni bai wadatar ba? A Fabrairun 2010 kwamfutoci da dama sun yi shuɗin allo bayan sabuntawar tsaro ta Windows mai lamba MS10-015, aka gano bairos ɗin Alureon ne ya kutsa cikin direbobi na gaske irin atapi.sys. Suna daidai, wuri daidai, ciki ya gurɓata. Shi ya sa ake duba sa hannu: da zarar an taɓa abin da ke cikin direba, sa hannun zai karye. In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, ɗora fayil ɗin a VirusTotal, shafin da ke binciken bairos a fayiloli.

Idan ya tabbata na gaske ne, shuɗin allon yawanci daga tsohon direba ne ko faifan da ya fara gajiya. Kwashe muhimman fayilolinka tukuna, ka duba lafiyar faifan da manhajar CrystalDiskInfo, sannan ka sauko da sabon direba daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Shafukan da ke raba fayilolin sys ɗai-ɗai, ka yi nesa da su, ta nan jabun ke shigowa.

Wasu za su ce ka shiga BIOS, wato saitunan injin kafin Windows ta tashi, ka mai da yanayin aikin faifai daga RAID zuwa AHCI don storahci.sys ya karɓi aikin. Yana yi, amma sai ka saita Windows ta tashi a Safe Mode kafin sauyin, ka kuma ajiye mabuɗin BitLocker, makullin faifai na Windows, a gefe. In kana da RAID na gaske, wato faifai biyu ko fiye da aka haɗa suna aiki tare, ko Optane, ma'ajiyar Intel mai ƙara wa faifai sauri, kada ka taɓa wannan saitin, bayananka na iya salwanta.