Tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali ko kurfoti: wanne ya dace da naman gida a Garwa?

Ƙafar saniya da ganda ba sa son gaggawa, shi ya sa tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali ta shiga raina. Ki zuba nama da albasa, citta da masoro bayan sallar asuba, ki rufe, ki tafi sabgoginki. Cikin awa 7 zuwa 8 a ƙaramar wuta, jijiyar ta narke, romon ya yi kauri, naman na sakin ƙashi da kansa. Wutar da take ci ba ta kai ta dutsen guga ba. Sai dai ki rage ruwa, domin murfin ba ya barin tururi ya fita, kuma kada ki saka daskararren nama.

Kurfoti kuwa yana so ki zauna kusa, kina fifita, kina ƙara gawayi, ga zafin Garwa na watan Afrilu. Amma yana soya nama har ya yi ja, ƙamshin da tukunyar lantarki ba ta bayarwa sai an fara soyawa a kasko.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaukewar wuta. In ta tafi da hantsi ba kowa a gida, naman zai yini cikin ɗumi, kuma a irin wannan ɗumin ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Na taɓa zubar da tukunya guda ta farfesu saboda haka, abin ya yi mini ciwo. Yanzu ranar da nake gida nake kunna ta, buhun gawayina na jingine a kicin.