Kwas ɗin masu wa'azi na ranar Asabar: abin da na gani cikin wata uku

Da ikilisiyarmu ta zaɓe ni dattijo, aka kuma sa sunana cikin jerin masu wa'azi a sujadar Hausa, na gane cewa shekarun da na yi ina koyarwa a makarantar firamare ba su shirya ni hawa mumbari ba. Shi ya sa na yi rajista a wani kwas na wata uku da wata ƙaramar makarantar Littafi Mai Tsarki a bayan garin Jos take gudanarwa kowace Asabar, domin dattawa da shugabannin zumunta waɗanda ba su da halin barin aikinsu su tafi karatun fastoci.

Makonni uku na farko an ba da su ga batun kira, kuma a nan ne kwas ɗin ya fi ƙarfi. Malaminmu, wani fasto da ya yi ritaya, bai tambaye mu mafarki ko wahayi ba. Ya sa mu karanta Fitowa 4:10, inda Musa ya kawo hujjar nauyin baki, da Irmiya 1:6, inda annabin ya ce shi yaro ne bai iya magana ba, sannan Amos 7:14-15, makiyayin da aka ɗauko daga bin garke. Bayan haka ya kai mu 1 Bitrus 4:11, ya ce a nan kwas ɗin gaba ɗaya yake tsaye: mai magana ya yi ta a matsayin wanda yake isar da faɗar Allah, mai hidima kuma ya yi da ƙarfin da Allah yake bayarwa.

Yadda yake gwada wannan a aikace ba shi da daɗi, amma yana da amfani. Kowane ɗalibi yana da minti goma sha biyar ya yi wa'azi a gaban aji, Baba Fasto kuwa yana zaune da agogon hannunsa a kan tebur, kusa da tsohon Littafinsa juyin 1979 wanda ya ɗaure bangonsa da roba. Ranar da layi ya zo kaina, ina tsakiyar ba da labarin wani maƙwabci, mutane suna ta dariya, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a wace aya ka ga wannan?" Na duba takardata ban sami amsa ba. Ya ce wanda aka aika da saƙo ba shi da izinin ƙara masa gishiri domin a yaba masa, ya kuma umarce ni in koma farkon nassin in sake.

Na kuma ji daɗin Asabar ɗin da muka ajiye juyin 1932, wanda Likita Mila na Wusasa, wani Baturen mishan, yana cikin waɗanda suka yi aikin fassara shi, kusa da na 1979, muka ga yadda kalma ɗaya takan sauya nauyin aya a kunnen mai sauraro.

Inda kwas ɗin ya gaza shi ne ɓangaren hidima. Ayar da aka gina shi a kanta ta ambaci magana da hidima tare, amma ziyarar marasa lafiya, da zaman makoki, da sasanta ma'aurata, duk an cusa su cikin Asabar guda, alhali waɗannan ne suke cin yawancin lokacin dattijo. Takardun darasi kuma da Turanci suke, ga shi rubutun fotokofin bai fita sosai ba, har wasu mata biyu daga zumuntar mata suka riƙa jira a fassara musu a lokacin hutu. Wannan bai dace da kwas ɗin da aka shirya domin masu wa'azi da Hausa ba, kuma na faɗa wa hukumar makarantar haka a rubuce.

Kuɗin rajista bai fi ƙarfin ma'aikaci ba, sai dai babu abinci, kuma ana tashi ne da la'asar, saboda haka mai zuwa ya riƙe guzurinsa. Takardar shaidar da ake bayarwa ba ta naɗa kowa fasto, gara a san wannan tun kafin a biya. Ga dattijon da aka ba mumbari yana ɗari-ɗari, ina ba da shawarar ya je, amma ya nemi wani tsohon mai bishara da zai riƙa bi zuwa gidajen marasa lafiya, domin wannan ɓangaren ba a aji zai same shi ba.