Gargaɗi a kan bidon ɗin mai da ake kawowa har ƙofar gida a Damagaram

Jama'a, musamman iyayenmu mata masu tuyar ƙosai, awara da fanke, da magidanta masu sayen mai bidon-bidon domin azumi ko biki, a yi hattara da masu yawo a kan babur da bidon mai ɗaukar lita 25 suna cewa man gyaɗa ne tsantsa na matan ƙauye. Wani ya ce daga Matamaye ya ɗauko, wani ya ce Magarya, domin kowa ya san yankin gyaɗa ne. Kuɗin da suke faɗi kullum yana ƙasa da na Kasuwar Dole, kuma kullum da uzuri: mai kayan na da mara lafiya, ko motar za ta juya kafin la'asar. Wasunsu ba sa ma zuwa, hoto suke sakawa a WhatsApp su ce a aiko da rabin kuɗi tukuna.

Ga yadda cinikin ke tafiya. Zai sauke bidon a zaure, ya buɗe da kansa, ya tsoma yatsa ya shafa wa mai gida a bayan hannu: "Hajiya, ki shinshina, wannan ko albasa ba ya so." Ƙamshin gyaɗa kuwa zai bugi hanci. In an ce ya zuba a gani, zai karkata bidon kaɗan ya tsiyaya rabin kofi, ba zai yarda a girgiza ba, ba zai yarda a juye a wani mazubi ba, wai bidon ɗin kyauta ne ya bar muku. Wannan kyautar ita ce tarkon.

Kafin a kai ga hanci, a fara da lissafi. Ɓararriyar gyaɗa kusan rabin nauyinta mai ne, amma matsar hannu irin ta matanmu, a soya, a niƙa, a murza da ruwan zafi, ba ta fitar da shi duka. Abin da ake samu bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin gyaɗar ba. Litar mai guda tana da nauyin giram 910 ko kusa da haka, ke nan sai an ci wajen kilo 3 na ɓararriyar gyaɗa kafin a samu lita ɗaya. Bidon mai lita 25 zai ci wajen kilo 75, kusan tiya 30 ke nan. To a tambayi kuɗin tiyar gyaɗa na ranar a ninka sau 30, a ɗora kuɗin niƙa, itace da mota, sannan a cire abin da ƙuli-ƙulin tunkuzar zai mayar. Idan kuɗin da mai babur ya faɗa ya yi ƙasa da wannan sosai, abin da ke cikin bidon ba man gyaɗa ba ne, ko kuma ba mai ba ne duka. Mai matsar gyaɗa ba ta sayar da guminta a kan faɗuwa.

Mafi sauƙin haɗin da suke yi shi ne da farin man kwakwar manja da aka tace a masana'anta, wanda ake shigowa da shi daga waje. Ba shi da wari, saboda haka lita 2 ko 3 na man gyaɗar da aka soya ta yi duhu sun isa su ba bidon guda ƙamshi. Wasu ma ƙuli-ƙuli suke soyawa a cikinsa, ya ɗauki ƙamshi da launi. Gaskiya wannan man ba guba ba ne, shi ne rabin garin nan ke tuya da shi. Cutar ita ce an sayar maka da shi a kuɗin man gyaɗa, kuma ka rasa sanin shekarunsa, domin an raba shi da mazubinsa na asali mai ɗauke da ranar lalacewa da tambarin ENRICHI da ke nuna an ƙara masa bitamin A.

Mutane na cewa a saka a firigo, in ya daskare jabu ne. Wannan gwajin yana sa a zargi masu gaskiya. Man gyaɗa na ainihi shi ma yana yin hazo ya yi kauri kamar kunu idan sanyi ya kai digiri 3 zuwa 5. Bambancin yana a matsakaicin sanyi: a daren hunturu, ko a cikin ruwan randa da aka jefa wa ƙanƙara kaɗan, man kwakwar manja yana fara kwantar da fari-fari a gindin kwalba, man gyaɗa kuwa yana nan garau. A zuba a kwalba mai haske, a ajiye kusa da wata kwalbar mai ɗauke da man da aka amince da shi, a duba da safe. Haka nan kumfa ba shaida ba ce. Man gyaɗar gida yana kumfa a tuyar farko saboda ɗan ruwa da ɗiɗɗigar da suka rage a cikinsa, shi ya sa ake fara ƙona shi da albasa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne tsohon man tuya. Ana tattara wanda aka soya kifi, kaji da dankali da shi har ya gaji, a tace da tsumma, a bar shi ya kwanta, a gauraya da sabo. Man da aka yi ta maimaita wa wuta yana lalacewa ne daga cikinsa, tacewa kuwa ƙura kawai take cirewa. A ɗora cokali 3 a busasshen kasko a wuta matsakaiciya. Tsohon mai yana hayaƙi da wuri, hayaƙin yana yaji a ido, kuma warin kifi ko na ƙonannen gari yana fitowa da zarar ƙamshin gyaɗar ya tashi. Kumfarsa ƙanana ce mai danƙo da ba ta kwanciya. Idan aka murza shi tsakanin yatsu yana yauƙi. A tace kofi guda a farin ƙyalle: ɗiɗɗigar gyaɗa ruwan ƙasa ce mai laushi, ta tsohon mai baƙa ce kamar garin gawayi. Masu ƙosai za su gane shi ba tare da an faɗa musu ba, ƙosan yana yin baƙi a waje cikinsa ɗanye, yana shan mai, ya bar ɗaci a maƙogwaro.

Sai kuma dalilin da ya sa ba a yarda a girgiza bidon. Mai yana tasowa a kan ruwa, ke nan ana iya cika ƙasan bidon da ruwa, wani lokaci da ɗan kunun sitaci don kada ya yi ƙara, a zuba mai a sama. Sikeli ba ya taimakawa sosai a nan: lita 10 na ruwa a maimakon mai ba su ƙara wa bidon ko kilo guda cikakke ba. Abin da ke tona asiri shi ne siririn tiyo mai tsabta wanda ya kai gindin bidon. A toshe bakinsa na sama da babban yatsa, a tura shi har ƙasa, a ɗaga yatsa ya cika, a sake toshewa, a ciro a zuba a kofin gilashi. Abin da ke ƙasa shi zai fito. Wanda bai samu tiyo ba, ya sa a juye man gaba ɗaya a roba mai faɗi a gaban mai sayarwa kafin kuɗi su bar hannu. Kuma wannan ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Ranar da aka kai ƙasan bidon, aka ɗebo da ludayi aka ƙara a kaskon da ke kan wuta, ruwan zai fashe ya watso tafasasshen mai a fuska da hannu, ga yara kuma a gindin murhu.

Shi kansa bidon abin dubawa ne, mu a ganinmu ma ya fi komai haɗari. A garin nan bidon ɗaya yana ɗaukar mai yau, gobe fetur ko gazuwal, jibi maganin feshin gona. Roba tana shan waɗannan abubuwa, wankin omo ba ya fitar da su, mai kuwa yana narkar da su ya janyo su cikin abinci. A shinshina murfin da bakin bidon daban da man. A duba jikinsa ko akwai ragowar takarda mai hoton ƙoƙon kai ko jan layi. Duk man da ya yi warin kalanzir, fenti ko piya-piya, komai ƙanƙantar warin, ba na ci ba ne, kuma ƙona shi da albasa ba ya gyara shi.

Kada a ɗauka muna ƙara gishiri. A 1959 a Maroko, a yankin Meknes, 'yan kasuwa sun gauraya man girki da man injin jirgin sama, mutum wajen 10,000 suka samu shanyewar ƙafa da hannu. A 1981 a Sifen, an sayar da man da aka tanada domin masana'anta a matsayin man zaitun, wajen mutum 20,000 suka kamu da ciwo, ɗaruruwa suka mutu. Na Sifen ɗin nan, masu talla ne suka yi ta yawo da shi unguwa-unguwa a robobin lita 5 marasa takarda, a kuɗi mai sauƙi, kuma unguwannin talakawa ya fi ci.

Manja ma bai tsira ba, tun da daga kudu yake zuwa ya ratsa hannu da yawa kafin ya iso mu. Ana zuba masa wani jan rini da ake kira Sudan, wanda asalinsa na man takalmi ne da kakin zuma na masana'anta, an kuma hana sa shi a abinci saboda ana tsoron yana jawo ciwon daji. A 2015 hukumar kula da abinci ta Gana ta same shi a manjan da ake sayarwa a kasuwannin Akara. Jan manja na gaskiya ja ne mai ratsin ruwan goro, yana rabuwa biyu idan ya zauna, mai kauri a ƙasa, mai ruwa a sama, kuma idan aka daɗe ana ƙona shi launin yana kodewa ya koma fari-fari. Wanda aka rina ja ne wur kamar jini, yana kama roba da yatsa, wuta kuma ba ta kodar da shi yadda ya kamata. Ɗiga shi a ruwa, da ake yaɗawa wai yana tona rinin, ba gwaji ba ne, domin rinin a mai yake narkewa, ba a ruwa ba. Tabbaci sai ɗakin bincike irin LANSPEX da ke Yamai.

Game da masu WhatsApp, magana ɗaya ce: hoton bidon ba mai ba ne. Kada a aika ko dala kafin kaya su iso a gwada su. Wanda ya riga ya aika, ya ajiye takardar aiken kuɗin da saƙonnin murya, ya kai kwamisariya ko wurin jandarma da wuri, kafin a jefar da layin.

Ga mai tuya da jarinta bai kai na asara ba, hanya mafi aminci ita ce ta saya wurin matar da ke matsa a unguwa, inda ana ganin gyaɗar da ƙuli-ƙulin, ta je da nata mazubin, ta fara da lita 1 ta gwada kafin ta ɗauki bidon. A duba gyaɗar ma: wadda ta yi funfuna ko ta yamushe tana ɗauke da gubar afalatoksin mai cin hanta, wuta ba ta kashe ta, kuma mafi yawanta a tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙulin da yara ke ci da wanda ake dakawa a yaji da kwaɗon zogale.

In an riga an ci abinci da irin wannan man, aka ga amai, zawo, yawan miyau da gumi, ƙwayar ido ta tsuke, ko numfashi na sarƙewa, alamun maganin ƙwari ke nan. Kada a ɗura wa mutum manja ko nono kamar yadda aka saba, maiƙo yana iya taimaka wa irin wannan guba shiga jiki, kada kuma a tilasta masa amai. A kai shi likita nan take, a tafi da sauran abincin da kwalbar man. Shi kuma bidon kada a zubar da shi a kwata, kada a sayar wa wata mai tuya don rage asara. A rufe, a rubuta ranar saye a jikinsa, a kai wa ma'aikatan tsafta na gari tare da lambar babur ɗin in an riƙe ta.