Kafinta ɗaya a Hausa, uku a Turanci

Malam, ka ce ƙaninka ya gama koyon aikin kafinta a wajen maigidansa a wani ƙauye na ƙasar Ringim, kuma da ya zo cike takardar jarrabawar sana'a sai ya tarar da kalmomi biyu, "carpenter" da "joiner", har wani ya ce masa duk abu ɗaya ne. A wajenmu kusan haka ne, domin mutumin da ya ɗora maka rufin kwano shi ne zai haɗa maka ƙofa, kuma idan an tashi aurar da yarinya shi ne zai yi mata gado da kabad. Amma Turanci ya raba wannan mutum ɗaya gida uku, kuma rabon ya biyo inda ake yin aikin da yadda ake haɗa katakon.

Kalmar "carpenter", wadda muka ara muka mayar kafinta, tana nufin mai aikin katako a jikin gini. Shi ne wanda za ka gani a saman katanga da rana tsaka, bakinsa cike da ƙusoshi, yana jera tu-bai-fo kafin a ɗora kwano, ko yana haɗa akwatin da za a zuba kankare a ciki. Aikinsa na ɗaukar nauyi ne, ana yin sa a wurin ginin, kuma guduma da ƙusa ne abin dogaronsa. Asalin kalmar daga Latin ne, inda take nufin mai ƙera keken doki, ta bi ta Faransanci kafin ta shiga Turanci.

Shi kuwa "joiner" sunansa ya fito daga aikatau mai nufin haɗawa, kuma a kan tebur yake aikinsa a cikin shago. Ƙofa da taga da firam ɗinsu da matakalar bene su ne nasa, sai ya gama sannan a ɗauka a kai wurin gini. Gwanintarsa tana wajen fafe rami a jikin katako ɗaya, ya fiƙe bakin ɗayan daidai da ramin, ya shafa gam, ya cusa, su kama juna ba tare da ƙusa ba. A ganina nan ne ake gane wanda ya koyi aiki da wanda ya zauna a shago kawai, domin ƙofar da aka haɗa da ƙusa zalla takan saki baki bayan damina biyu ko uku, ta fara jan ƙasa idan ana buɗe ta. Wannan rabo tsoho ne a Ingila: ƙungiyar kafintocin Landan ta sami takardar amincewar sarki a 1477, ta masu haɗa katako kuma a 1571, suka yi ta jayayya a kan wane aiki ne na wa, har hukumar birnin ta raba musu gardama a 1632.

Na ukun shi ne "cabinet maker", mai yin kayan ɗaki masu kyau irin su kabad da durowa da teburin madubi. Da yawa daga cikin masu sayo katako a kasuwar Na'ibawa ta Kano don kayan amare wannan sunan ne ya dace da su.

Akwai wanda bai kamata a cusa shi cikin waɗannan ukun ba, wato masassaƙi. Kafinta yana sayen katakon da inji ya riga ya yanka ya haɗa guntaye su zama abu ɗaya, shi kuwa masassaƙi gungume ɗaya yake samu ya yi ta rage shi da gatari da gizago har turmi ya fito daga cikin ƙirya, ko allo daga aduwa, ko akushi, ko ƙotar fartanya. Wanda ya zaga kasuwar Gujungu ta jihar Jigawa ranar Lahadi zai ga kayan hannunsu. Turancinsa "carver" ne, kuma sana'arsa ta daɗe a ƙasar Hausa tun kafin a san zarto da ƙusar kanti. Haka bambancin yake tsakanin "wood", wanda ya haɗa kowane irin itace har da na girki, da "timber", wato katakon da aka tanada don gini. Mutanen Amurka sukan kira wannan na biyun "lumber".

Sai kuma tarkon da ya fi kama mutane a irin wannan takarda. Kalmar "trade" tana da fuska biyu, tana nufin ciniki, tana kuma nufin sana'ar hannu da aka koya a ƙarƙashin maigida. Saboda haka "trader" ɗan kasuwa ne, kuma daga nan muka sami ɗan tireda, amma "tradesman" a yawancin amfani mai sana'a ne irin kafinta da magini. Na taɓa ganin wani saurayi da aka tambayi sana'arsa a takarda ya rubuta sayar da katin waya, don ya ɗauka cinikinsa ake tambaya, alhali shekara huɗu ya yi yana koyon walda.

Game da ƙaninka, hukumar shirya jarrabawar sana'o'i ta NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana haɗa sana'o'in biyu a matsayin darasi ɗaya mai suna "Carpentry and Joinery", yin kayan ɗaki kuma darasi ne daban. Idan yana hawa rufi kuma yana haɗa ƙofa, ya zaɓi na farko. Idan kuwa gado da kabad ne suka fi yawa a hannunsa, na biyun ne nasa. Jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kuma daga mataki na uku ake fara ta a hau zuwa na ɗaya, don haka kada ya ga an rubuta uku ya ɗauka an rage masa daraja.