Shafa kala a zanen dabba ko yagawa da mannawa: wanne ya fi gyara hannun yaro?

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya kan yaranta biyu, ƙaramin shekararsa 3, babban 5. Tana so hannunsu ya faɗa kafin karatu ya kai su ga rubutu, amma ta rasa wanda za ta fi ba ƙarfi: ta riƙa buga musu zanen dabbobi suna shafa kala, ko kuwa aikin da ake yaga takarda ko a yanka da almakashi a manna a jikin dabbar.

'Yar'uwa, ayyukan biyu ba abu ɗaya suke koya wa hannu ba, don haka amsar ta rabu gida biyu. Ƙaramin ya fi buƙatar yagawa da mannawa. Babban kuwa ya kai lokacin da shafa kala za ta yi masa amfani sosai, muddin an dace da dabbar da kuma abin shafawar.

Dalilin yana cikin yadda hannun yaro ke nuna. Ikon sarrafa shi daga kafaɗa yake farawa, ya sauko gwiwar hannu, ya zo wuyan hannu, yatsu ne na ƙarshe. Ɗan shekara 1 zuwa 2 dunƙule kirayon yake yi a tafinsa, kafaɗa ce ke tuƙa shi. Tsakanin 2 da 3 yakan riƙe shi da yatsu amma tafin na kallon ƙasa. Wajen 3 da rabi zuwa 4 ake fara ganin riƙon yatsu uku, wato babban yatsa da manuni da na tsakiya, sai dai har yanzu hannun gaba ɗaya ke motsi. Yatsun su kaɗai su motsa fensir, wannan sai tsakanin 4 da rabi zuwa 6. Idan kika ce ɗan shekara 3 kada ya fita layi a kunnen kyanwa, kin nemi abin da yatsunsa ba su riga sun mallaka ba.

Ta fuskar ƙarfin yatsu, yagawa ta fi. Yaro ba zai iya yaga takarda ƙanana-ƙanana ba sai ya tsunkule ta da babban yatsa da manuni na hannu biyu, ɗaya ya ja gaba, ɗaya baya. Wannan tsunkulin shi ne zai riƙe fensir nan gaba. Murza gutsuren takarda mai laushi ya zama ƙwallo, matsa kwalbar gam, ɗaukar ƙaramin abu a ajiye shi daidai inda ake so, duk ƙananan tsokokin cikin tafin hannu suke aiki da su. Shafa kala ba ta ba da wannan ƙarfin sosai, musamman in da maka, wato alƙalamin kala mai tawada, ake yi, domin maka da an taɓa takarda take zubar da kala, ba sai an danna ba. Kirayon ya fi ta nesa ba kusa ba, saboda yana tirjiya, dole yaro ya danna kafin kalar ta fito.

Ta fuskar tsayar da hannu kuwa, shafa kala ce ke gaba. Ita ke koya wa yaro ya tafi ya tsaya a bakin layi, ya rage girman motsi idan wuri ya matse, ya daidaita dannawa, ya kuma jure riƙon fensir na wasu mintuna ba tare da ya gaji ba. Mannawa ba ta koyar da wannan. Yaron da ya ƙware a yagawa kaɗai zai iya samun yatsu masu ƙarfi amma layinsa na karkacewa.

Aikin hannu biyu yana cikin kowannensu, sai dai nauyin ba ɗaya ba ne. A shafa kala hannu na biyu danne takarda kawai yake yi, yara da yawa ma sakin ta suke yi tana yawo a tebur. A yanka da almakashi kuwa hannun da ke riƙe da takarda shi ke juya ta, kuma a nan ne mafi yawan matsalar take. Yaro yakan fara ɗan datsa gefen takarda wajen shekara 2 da rabi zuwa 3, ya bi miƙaƙƙen layi tsakanin 3 da 4, da'ira wajen 4 zuwa 5, siffa mai lunguna sai 5 zuwa 6. Kada a ba shi takardar buga rubutu mai nauyin giram 80 a kowane murabba'in mita a farko, lanƙwashewa take yi a bakin almakashi. Kwali marar kauri, mai giram 160 zuwa 200, ya fi tsayawa. Manyan yatsun hannu biyun su kalli sama, gwiwar hannu a manne da jiki. Mai amfani da dama ya fara yankan da'ira ta gefen dama ya zagaya saɓanin tafiyar agogo, bahago kuma ya bi tafiyar agogo. Bahago a nema masa almakashinsa, domin na dama yana rufe masa layin, kuma yakan tauna takarda maimakon ya yanka.

Zaɓin dabba shi ne inda iyaye suka fi yin sakaci, alhali ya fi yawan takardun da aka buga muhimmanci. Ga ƙaramin, a nemi dabba mai jiki ɗaya babba da ya cika shafi: giwa, kifi, kunkuru, tunkiya. Layin gefen ya yi kauri, kamar rabin santimita. Kifi a cike shi da gutsattsarin takarda da aka yaga a matsayin ɓawonsa, kowane gutsure kamar santimita 2 zuwa 3. Tunkiya a manna mata auduga, amma yaron ne zai figi audugar da kansa, kada a figa masa, don a figar amfanin yake. Zaki ya dace da fara almakashi: a zana fuska a tsakiyar kwali mai da'ira, yaro ya datsa gefen ya zama geza, kowane datsi sau ɗaya, ba layin da zai bi.

Ga babban, dabbobi masu zane a jiki su ne makarantar rubutu. Ratsin jakin dawa layi ne daga sama zuwa ƙasa. Ɗigon damisa ƙananan da'irori ne, waɗanda ke tilasta yatsu su motsa ba kafaɗa ba. Ƙayar bushiya gajerun layuka ne a karkace. Bayan kunkuru gida-gida ne, kowane gida da kalarsa, don haka yana yawan tsayawa da farawa. Maciji a naɗe yana yin aiki biyu: a shafa masa kala, sannan a yanka shi a bi naɗin har ciki, a rataye. Zanen da ya cika ƙananan lunguna, irin ɗawisu mai gashi ɗari, a ajiye shi tukuna, gajiya da ƙyuya kawai yake jawowa.

Idan babban har yanzu dunƙule fensir yake yi, kada ki yi ta gyara masa yatsu da hannunki. Karya kirayon ya zama kamar santimita 3, tafi ba zai samu abin dunƙulewa ba, sai yatsu uku. Idan wuyan hannunsa na lanƙwashewa ciki, manna takardar a bango daidai fuskarsa ya yi a tsaye, wuyan hannun zai miƙe da kansa. Idan yana keta layi kullum, bi layin da gam na ruwa ki bar shi ya bushe, zai zama ɗan tudu da kirayon ke cin karo da shi. Mai danna fensir har takarda ta huje, duba zamansa: ƙafafu su taka ƙasa, tebur ya yi daidai da gwiwar hannu. Yaron da ƙafarsa ke lilo yakan ƙanƙame fensir don ya tsayar da jikinsa.

Wajen ɓarna da haɗari, shafa kala ta fi sauƙi, ba gardama. Gam na ruwa in ya yi yawa takarda takan jiƙe ta yage, don haka a koya musu ɗigo ɗaya ga gutsure ɗaya, ko a fara da gam na sanda. Idanun roba, maɓallai da duwatsun ado suna iya shaƙe yaron da bai wuce 3 ba, gara a zana idon da hannu. Guntun kirayon ma kada a bar shi kusa da mai kai abu baki.

Mintuna 5 zuwa 10 sun ishi ƙaramin, babban 15 zuwa 20, kuma kaɗan kullum ya fi zama ɗaya mai tsawo a mako. Za ki iya zaunar da su kan dabba ɗaya: babban ya shafa kalar kai da ƙafafun kunkuru ya yanko shi, ƙaramin ya yaga takarda ya cike bayan. Idan babban ya kai 6 bai tsaya kan hannu ɗaya ba, ko yana kukan ciwon hannu da an fara, ko kika ga ɗayansu ba ya amfani da hannu ɗaya sam, ki kai shi likitan yara ya duba.