Shinkafar Arborio ta Italiya: gwanar tuwo ce, amma kada a kai ta dafa-duka

Shinkafar da ake gani a manyan kantunan Garwa da Injamena cikin leda mai tauri kamar bulo, an rubuta Arborio, sunan wani ƙauye ta ci a lardin Vercelli, yankin Piemonte na arewacin Italiya. Ma'anar Piemonte gindin dutse, domin duwatsun Alps sun kewaye shi ta gefen Faransa da Suwizalan. Ƙanƙarar da ke narkewa a kansu ita ke cika kogin Po. Tsakanin 1863 da 1866 aka haƙa magudanar Cavour mai tsawon fiye da kilomita 80, daga Chivasso zuwa kogin Ticino, ta shayar da filayen Vercelli da Novara. Wanda ya san aikin SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnatin Kamaru, a Yagwa da Maga zai gane tsarin nan take, sai dai can Italiya ruwan har bargo ne ga shuka saboda sanyin daren bazara.

Ƙwayarta gajeruwa ce, ɓul-ɓul, mai yawan danƙo. Don tuwo, kofi ɗaya na shinkafa ruwa kofi huɗu, ɗauraya sau ɗaya kawai, ba sai an jiƙa ba. Idan ta tafaso a rage wuta, a rufe, a ba ta kamar minti 30. Inda ake kuskure shi ne gaggawa: akwai wani farin ɗigo a tsakiyar ƙwayar mai jinkirin nuna. Minti 18 da ke jikin ledar na girkin Italiyawa ne, su da ke son ta da ɗan tauri. Aka sa muciya a lokacin, tuwon zai fito da tsaki-tsaki. Idan ta nuna luguf kuwa, tuƙi kaɗan ta haɗe, ba a neman garin ɗauri, malmala ta tsaya cas.

Dafa-duka ko shinkafa da miya kam a haƙura, caɓewa take yi komai ƙarancin ruwa. Tana kuma saurin kamu a tukunya marar kauri.

Kafin a biya a matsa ledar. In ta saki, iska ta shiga, kuma da zafin nan namu ƙwari ba sa jira. Kuɗinta ya ninka na shinkafar Yagwa nesa ba kusa ba, don haka ta tuwon baƙi ce, ba ta gidan mutum goma sha biyar ba.